Kundin aiki: wace 'yar kalma ke bin kalmomin tsoro a Turanci

6 ga Janairu

Na buɗe wannan kundi ne don in riƙa ajiye yadda aikin ke tafiya. Aikin shi ne haɗa jadawali guda, tare da katunan bita, a kan kalmomin Turanci masu nuna tsoro da kuma 'yar kalmar da ke biyo bayan kowacce, wadda masu nahawun Turanci ke kira *preposition*. Ni a nan 'yar haɗi zan riƙa ce mata, don sauƙi.

Kalmomin da na tara zuwa yanzu su ne *afraid*, *scared*, *frightened*, *terrified*, *petrified*, *alarmed*, *horrified*, *nervous*, *anxious*, *apprehensive*, *wary* da *fearful*, sai kuma *fear* da *dread* su kansu. 'Yan haɗin da na ga suna yawo a bayansu kuwa su ne *of*, *by*, *for*, *at*, *about* da *over*.

Dalilin da ya sa na ga abin ya isa a ɓata masa lokaci shi ne, mutum zai iya sanin ma'anar kowace babbar kalma a jimla, amma 'yar haɗi ɗaya ta kifar masa da maganar. Uban da ya ce *I am afraid of my son*, ɗansa ne ya gagare shi har yana shakkarsa. Wanda ya ce *I am afraid for my son* kuwa, hankalinsa ne a tashe kada wani abu ya sami yaron.

Kayan aiki: ƙamus biyu na masu koyon Turanci, Oxford Advanced Learner's Dictionary da Longman Dictionary of Contemporary English, dukansu ana buɗa su a intanet. Na zaɓe su ne saboda ba ma'ana kaɗai suke bayarwa ba, har da tsarin jimlar da kalma ke shiga. Tushen na Oxford ɗin aikin A. S. Hornby ne, wanda ya daɗe yana koyar da Turanci a Japan, kuma Oxford ta buga shi a 1948. Wanda ya koyar da baƙin harshe ya san inda suke tuntuɓe.

9 ga Janairu

Na cike layin *of*. Shi ne mafi sauƙi kuma mafi cika: *afraid of*, *scared of*, *frightened of*, *terrified of*, *petrified of*, *fearful of*, *wary of*. Abin da ke biyo bayan *of* shi ne abin da ake tsoro. *From* ba ta da wuri a nan ko kaɗan, ko da yake *afraid from* na yawan fitowa a bakin masu koyo, musamman waɗanda kunnensu ya saba da Larabci, inda tsoro ke tafiya da *min*.

13 ga Janairu

Yau na shiga *by*, kuma a nan jadawalin ya fara nuna cewa akwai tsari a ƙarƙashin abin, ba hadda ce zalla ba.

*Frightened*, *scared* da *terrified* duk daga aikatau suka fito: *frighten*, *scare*, *terrify*. Saboda haka fuska biyu gare su. Wani lokaci sifa ce mai bayyana halin da mutum ya zauna a kai, sai ta ɗauki *of*. Wani lokaci kuma jimla ce aka juya, aka kawo wanda aka yi wa abin a gaba, aka tura wanda ya aikata baya, sai ta ɗauki *by*. *The child is frightened of dogs* na nufin yaron matsoracin kare ne, ko da babu kare ko ɗaya kusa da shi a yau. *The child was frightened by a dog* na nufin akwai ranar da wani kare ya firgita shi, kuma mai yiwuwa ne washegari ya koma wasa da karnuka abinsa.

Gwajin da na rubuta a gefen jadawalin: a mayar da jimlar yadda take kafin a juya ta. In ta ba da *A dog frightened the child* kuma maganar ta zauna a kan abin da ya faru sau ɗaya, *by* ce. Shi ya sa ƙara, fashewa, ƙwanƙwasa ƙofa cikin dare, da duk abin da ke zuwa bagatatan, suka fi jan *by*. Ba a cika cewa wani yana da ɗabi'ar tsoron ƙarar da ya ji jiya ba, firgita shi ta yi.

*Alarmed* da *horrified* sun goyi bayan wannan fahimtar ta wata hanya. Su ba sa ɗaukar *of* sam. Babu *alarmed of*, babu *horrified of* a Turanci mai kyau, galibi *by* ko *at* suke ɗauka. A ganina dalilin shi ne dukansu martani ne ga abin da aka gani ko aka ji, ba hali ne da mutum ke yawo da shi ba.

Sai *afraid*, wadda ita kuma ta ƙi *by* ƙememe. Na bi asalinta. Ashe ita ma daga aikatau ta fito, wani tsohon aikatau *affray* mai nufin firgitarwa, wanda ya shigo Turanci daga Faransancin Normawa. Aikatau ɗin ya mutu a bakin mutane, *afraid* ta rage ita kaɗai. Kalmar *affray* tana nan a dokokin Ingila a matsayin sunan laifi, wato faɗa ko barazanar faɗa irin wanda zai tsorata mutanen da ke wurin, amma ba wanda ke amfani da ita yau don ya ce ya tsorata wani. Tun da babu aikatau mai rai, babu jimlar da za a juya, don haka babu *by*. Tana da wata tsirfa kuma: ba ta zama gaban suna. Ana cewa *a frightened child*, ba a cewa *an afraid child*. Na ware mata layi nata daban, na ja mata jan layi.

15 ga Janairu

Gyaran jadawali kawai. Na ƙara gurbin misali a gaban kowace 'yar haɗi.

20 ga Janairu

Layin *for*. A nan Hausa ta taimaka, domin mu ma mun raba su: akwai jin tsoron mutum, akwai jiye masa tsoro. Na biyun shi ne *for*. Abin da ke biyo bayanta ba shi ne barazanar ba, shi ne abin da barazanar za ta ci. Yana iya zama mutum, yana iya zama abu mai daraja ga mai maganar: *afraid for her safety*, *scared for his job*, *frightened for their lives*.

Jimlar da na ƙirƙira don katin, mai ɗauke da duka biyun: *She is afraid of the river, and afraid for the boys who swim in it.* Kogin ne abin tsoro, samarin ne ake jiye wa.

24 ga Janairu

Makon nan ya tafi a kan wani abu da daga ƙarshe sai da na goge shi.

Na so in ƙara wa jadawalin gurbin yawan amfani, don a san wace 'yar haɗi ce ta fi zuwa bayan kowace kalma. Akwai taskokin rubutu da aka tanada don irin wannan. British National Corpus na ɗauke da kalmomi miliyan 100 na Turancin Birtaniya, an tara su a farkon shekarun 1990. Corpus of Contemporary American English, wanda Mark Davies ya fitar a 2008, ya haura kalmomi biliyan 1 na Turancin Amurka. Sai Google Books Ngram Viewer, wanda aka buɗe a 2010, yana zana layin yadda amfani da kalma ke hawa da sauka a littattafai shekara bayan shekara.

Na riƙa zuba kalmomin bibbiyu ina kwashe adadi: *scared at*, *afraid for*, *frightened by*, *afraid at*, haka dai. Abin da ya fara ɗaure min kai shi ne *afraid at* da *afraid by* sun fito da adadi, alhali ƙamus biyun nan ba su san da su ba. Da na buɗe jimlolin da kansu na karanta, sai ga abin da ke ciki: *scared at first*, *afraid at night*, *afraid for a moment*, *frightened for hours*, *terrified by now*, *afraid by nature*. A duk waɗannan, 'yar haɗin ba ta da wata alaƙa da tsoron. Ta lokaci ce ko ta yanayi, maƙwabtaka kawai ta haɗa su. *For* ɗin da ke cikin *afraid for a moment* tsawon lokaci take aunawa, ba wanda ake jiye wa tsoro a ciki. Haka *in* ɗin *afraid in the dark* wuri take nunawa: mutumin yana jin tsoro idan yana cikin duhu, wanda ba daidai yake da *afraid of the dark* ba, inda duhun ne kansa abin tsoro.

Ba laifin kayan aikin ba ne. An tambaye su kalmomi biyu da ke jere, sun ƙirgo kalmomi biyu da ke jere. Amma adadin da ya haɗa *afraid for my daughter* da *afraid for a moment* a kwando ɗaya ba shi da amfani ga mai koyo, ya ma fi rashin adadi illa, tun da zai ba shi ƙarfin gwiwar rubuta *afraid at* yana ganin yana da hujja. Na share gurbin gaba ɗaya.

Abin da na tsira da shi: daga yau ba na ɗaukar komai daga taska sai na karanta jimlolin da idona, gani ya kori ji. Kuma in zan yi bincike, zan ƙara wakilin suna a baya, kamar *afraid for him* ko *scared by it*, don hakan na tace mafi yawan tarkacen lokaci.

27 ga Janairu

Na sake bin layin *for* da na *by* da sabuwar hanyar. Babu abin da ya canza a ƙa'idojin, misalan ne suka ƙara kyau. Wani abu da ya fito fili a karatun jimlolin: *scared* ta fi yawa a hira da maganar yau da kullum, *frightened* ta fi ta nauyi kaɗan.

1 ga Fabrairu

*Afraid to* da *afraid of* mai bin aikatau. Wannan ya fi duk sauran cin lokaci.

Da farko dai, *to* ɗin nan ba 'yar haɗi ba ce irin sauran. Alama ce da ke shigo da aikatau tsurarsa. Don haka bayan *to* sai aikatau yadda yake, bayan *of* kuwa dole ya ɗauki *-ing*. *Afraid to ask* daidai ne, *afraid of asking* daidai ne. *Afraid to asking* da *afraid of ask* duka karyayyu ne. Wannan ɓangaren ba shi da wuya.

Mai wuyar shi ne ma'ana. *Afraid to* na tafiya da aikin da ke hannun mutum, wanda in ya ga dama zai yi, tsoro ne ya riƙe shi. *Afraid of* da *-ing* kuwa na tafiya da abin da ka iya samunsa ba da son ransa ba. *He is afraid to cross the bridge*: tsallakawa zaɓinsa ne, ya kasa ɗaga ƙafa. *He is afraid of falling into the river*: faɗawa ba zaɓi ba ce, sakamakon da yake gudu ne. Shi ya sa *afraid to fall* ke yi wa kunne wani iri, kamar mutumin ya yi niyyar faɗuwa ne sai ya ji tsoro ya fasa. Haka *afraid to fail* da *afraid to get lost*: ana jin su a bakin mutane, ba zan ce ba a faɗa ba, amma *afraid of failing* da *afraid of getting lost* su ne ba mai ɗaga musu gira.

Sau da yawa su biyun na zuwa a jimla ɗaya, ɗaya na riƙe da aikin, ɗaya na riƙe da dalilin: *I was afraid to speak because I was afraid of offending him.* Wannan ita na sa a katin, don in mutum ya riƙe ta ya riƙe ƙa'idar.

Inda iyakar ke dushewa shi ne idan aikin na ganin dama ne kuma ana maganarsa a dunƙule. *Afraid of flying* da *afraid to fly* duka suna tafiya. Bambancin da nake ji, kuma na rubuta shi da fensir ba da biro ba, shi ne na farko ya fi kama da ɗabi'a, na biyu ya fi kama da mutumin da tafiya ke gabansa yana ja da baya. *Don't be afraid to ask* kuwa a haka ta daskare, a haka ake faɗarta.

*Scared*, *frightened* da *terrified* duk suna bin wannan tsarin. *Wary* ba ta binsa, *wary of signing* ake cewa.

5 ga Fabrairu

Gwajin katunan farko. Na ba ƙanwata, wadda ita ma ke fama da Turancin, ta gwada su. Tsarin shi ne kalmar tsoro a gaba, 'yar haɗi a baya. Ba ta yi nisa ba ta ɗago katin *scared* ta ce, "Yaya, wannan katin naka ai ba shi da amsa ɗaya. In na ce *of* na ci, in na ce *by* na ci, *for* ma na ci. To me nake koya?"

Gaskiyarta. Kati mai kalma ɗaya yana aiki ne ga irin su *wary*, waɗanda galibi da abokiyar tafiya guda ake ganinsu. Ga manyan kalmomin kuwa, 'yar haɗin ba daga kalmar take fitowa ba, daga abin da mai magana ke nufi take fitowa: abin tsoro ne zai ambata, ko abin da ya firgita shi, ko wanda yake jiye wa.

Na gwada sa jimla mai gurbi a gaban katin. Nan ma ta kama ni da *I am scared … him*, tun da *of* da *for* duka za su zauna. Sai muka tsaya a kan cewa kowane kati zai ɗauki layi biyu: na sama da Hausa yana bayyana yanayin, misali "ɗan'uwanka zai yi tafiyar dare a hanya mai hatsari", na ƙasa jimlar Turanci mai gurbi. Wannan na nufin sake rubuta kusan duka katunan. Ta ce za ta taya ni in na yarda ta riƙe saiti ɗaya.

8 ga Fabrairu

Rubutun kati.

12 ga Fabrairu

*About* da *at*, da kalmomin da ke tsakanin tsoro da damuwa. A nan na nemi wani malamin Turanci da nake tuntuɓa, don layukan sun fara shiga juna.

*About* na zuwa ne idan tsoron ya sassauta ya koma fargaba, wato ba barazana ce ke tsaye a gabanka ba, wani al'amari ne kake ta juyawa a rai. *Scared about the operation*, *frightened about the future*. *Scared of the operation* ma ana faɗa, amma ta fi nuna aikin tiyatar kansa, wuƙar da allurar, *about* kuwa ta game duk abin da ke kewaye da shi, har da yadda za a ƙare. *Afraid* a nan ma ta ware kanta, ƙamus na Oxford ya nuna ba ta tafiya da *about*.

*Nervous*, *apprehensive* da *paranoid* gidansu *about* ne. Amma akwai *nervous of*, wadda aka fi ji a Turancin Birtaniya, kamar *nervous of strangers*, kuma idan aka lura ta koma ma'anar *of* ta asali: abin da ake ɗari-ɗari da shi a kullum. *Apprehensive of* ma akwai ta, ta fi zama a rubutu mai nauyi.

*Anxious* ce ta fi ba ni aiki. *Anxious about the results* damuwa ce. *Anxious for her son* jiye wa tsoro ne, ta bi ƙa'ida. Amma *anxious for news* ƙaguwa ce, mutumin ya matsu ya ji labari, haka *anxious to leave* na nufin ya ƙosa ya tafi. Wato *afraid to leave* da *anxious to leave* gininsu ɗaya, ma'anarsu kishiyoyi: ɗaya ba ya son tafiya, ɗaya kamar ya yi tsuntsu. Na ce, "Malam, to wannan a wane layi zan sa ta?" Ya ce, "Ka ba ta layi biyu. Kada ka matsa wa kalma ta shiga gidan da ka gina mata." Haka na yi.

*At* kuma ƙunci gare ta. Kusan kullum tana zuwa ne da wasu sunaye ƙalilan: *thought*, *idea*, *prospect*, *sight*, *news*. *Terrified at the thought of losing her job*, *horrified at the sight*, *alarmed at the news*. A mafi yawan waɗannan *by* za ta iya maye gurbinta ba tare da an yi asara ba. Shawarar Malam ita ce mai koyo ya riƙe *at* tare da sunayen nan a matsayin dunƙule ɗaya, a wajensu kuma ya bar ta. Na amince, don na ga abin da ta yi min a taska.

17 ga Fabrairu

*Fear* da *dread*, waɗanda kowaccensu suna ce kuma aikatau ce.

A matsayin suna, *fear* na bin tsarin da aka saba: *fear of heights*, *fear for his safety*. A jam'i, musamman a kanun labarai, *about* da *over* ke fitowa: *fears over job losses*. Idan kanun ya ce *fears for*, to akwai wanda ya ɓace ko yake cikin hatsari.

A matsayin aikatau kuwa, ba ta son 'yar haɗi tsakaninta da abin tsoron. *I fear him*, ba *I fear of him* ba. Kuskuren na zuwa ne daga cakuɗa ta da *afraid of*. Misalin da ya fi zama a kai shi ne maganar shugaban Amurka Franklin D. Roosevelt a jawabin kama mulkinsa na 4 ga Maris 1933, lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya durƙushe: *the only thing we have to fear is fear itself*. Babu *of* bayan aikatau ɗin. *For* kuwa tana iya biyo shi, da ma'anarta ta kullum: *I fear for him*. *Dread* ma haka take, *I dread exams*, *I dread going back*, amma a suna *a dread of exams*. Tana da daskararriyar jimla guda mai *to*, wato *I dread to think*.

Sai wani abu da ya karya min ƙa'ida a fili: *in fear of his life*. Bisa duk abin da na rubuta tun Janairu, wannan ya kamata ya nufi mutumin yana tsoron rayuwarsa ne. Ba haka ba ne, yana nufin yana fargabar a kashe shi, wato aikin *for* ne *of* ke yi. *In fear for his life* ma ana amfani da ita, da ma'ana ɗaya. Ban nemi in daidaita ta da ƙa'ida ba, na sa ta a shafin daskararrun maganganu tare da *for fear of*, mai nufin "gudun kada", kamar *He kept quiet for fear of losing his place*.

A wannan shafin na ajiye *I'm afraid* ta ladabi, wadda babu tsoro a cikinta. *I'm afraid he is out*, *I'm afraid so*, *I'm afraid not*: hanya ce ta sassauta labarin da ba za a so ji ba. *Scared* da *frightened* ba sa yin wannan aikin. Wanda ya ce wa baƙo *I'm scared he is out* ya faɗi wani abu daban.

21 ga Fabrairu

Wurare biyu da *of* ke ɓacewa a rubutun masu koyo. Na ɗaya, ƙarshen jimla: *What are you afraid of?* da *There is nothing to be afraid of.* Ana yawan yar da ita don ana ganin ta rataye ba abin da ta riƙe, alhali abin da ta riƙe ne aka kai gaba. Na biyu, gaban kalmomin tambaya: *afraid of what he might say*, *scared of how it will end*. A gaban *that* kuwa akasin haka ne, dole ta fita: *afraid that he will come*, ba *afraid of that he will come* ba.

Na ƙara katuna a kan wannan, ƙanwata ta gwada, sun yi.

26 ga Fabrairu

Inda aikin yake yanzu. Jadawalin ya koma tambayoyi ne maimakon jerin kalmomi: abin da ake tsoro, *of*, abin da ya firgita mutum a wani lokaci, *by*, wanda ake jiye wa, *for*, al'amarin da ake fargaba a kai, *about*, tunani, gani ko labari, *at*. A ƙarƙashinsu akwai layin *afraid* da abubuwan da ta ƙi, layi biyu na *anxious*, da shafin daskararru. Ya shiga shafi biyu, da na so ya tsaya a ɗaya, amma ban ga abin da zan cire ba.

Abin da aka kashe: takardar kati, data, da lokaci. Mafi tsada a ciki shi ne makon ƙirgen da aka goge da kuma sake rubuta katunan.

Abin da ya rage a wannan babin shi ne aikatau masu tura mutum ko hana shi: *frighten someone into signing*, *scare someone out of going*, *scare off*, *frighten away*. A nan ne kawai na ga *from* na iya leƙowa, kamar a *scared away from the farm*, kuma ko a nan *away* take bi, ba tsoron ba. Zan ba su mako mai zuwa. Bayan nan sai kalmomin fushi, *angry with*, *angry at*, *angry about*, da su *annoyed* da *furious*. Malam ya riga ya gargaɗe ni cewa a can bambancin Birtaniya da Amurka ya fi na nan fitowa, don haka zan buɗe wa kowace ƙasa gurbinta tun daga farko.